Shekarun lise: abin da kowannenmu ya gani da abin da ya fito da shi

Ɗan Yelwa, Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da sakamakon Bakaloriya, wato jarrabawar kammala sakandare a nan Kamaru, ya fito kuma hankali ya kwanta, na ga ya dace mu da muka gama lise, wato makarantar sakandare, da waɗanda suke gab da gamawa, kowa ya faɗi abin da ya gani da abin da yake ganin ya cim ma, domin ƙannenmu su ji daga bakin waɗanda suka bi hanyar. Bari in fara da kaina.

Na shiga lise a watan Satumba na 2018, kuma abin da ya fi wahalar da ni da farko shi ne Faransanci, domin a gida Hausa muke yi, a unguwa da kasuwa Fulatanci, a Islamiyya Larabci, Faransanci kuwa sai an shiga aji. Shekarar da ba zan manta ba ita ce 2022, lokacin da muke shirin BEPC, jarrabawar da ake yi a ƙarshen shekara ta huɗu ta lise. A watan Janairu gasar cin kofin Afirka ta ɗauke hankalin garin nan kacokan, musamman da yake a filin Rumde Ajiya ƙungiyar Najeriya ta buga wasanninta. Gasar na ƙarewa malamai suka shiga yajin aikin da aka sani da OTS, suna zuwa makaranta amma ba sa ɗaukar alli, saboda haƙƙoƙinsu da suka daɗe ba a biya ba. Ban taɓa ganin laifinsu ba, amma mu masu jarrabawa mun shiga zullumi.

A lokacin ne muka fara haɗuwa a zauren gidan wani abokinmu bayan la'asar. Wani tsohon ƙyaure muka shafa wa baƙin fenti muka jingina da bango ya zama allonmu, muna warware tambayoyin shekarun baya, wanda ya fi gane lissafi ya koyar da lissafi, wanda ya fi gane tarihi ya koyar da tarihi. Zafin Maris da Afrilu, wanda yakan haura digiri 40, bai tarwatsa mu ba, haka ma ɗauke wuta idan ruwan madatsar Lagdo, wadda ke ba mu wuta, ya ja baya. Zauren nan ya ɗore har ajin ƙarshe, kuma a gaskiya na fi alfahari da shi a kan takardar da na karɓa.

'Yar Domayo, Marwa

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka, ɗan uwa. Ni a ɓangaren D na yi, wato na kimiyyar halittu, kuma abin da nake so ƙannena mata su sani shi ne, jarrabawar da ta fi kowace nauyi a gidajenmu takan zo ne bayan BEPC, lokacin da dangi suke fara cewa karatun ya isa haka. Mahaifina mutum ne mai son ilimi, amma maganar 'yan uwansa ta yi masa yawa, har ya fara karkata. Gwaggona ce ta je ta same shi, ba da faɗa ba, ta tuna masa yadda matan gidanmu suke jin nauyin zuwa asibiti idan suka san namiji ne zai duba su, ta tambaye shi daga ina ungozomomi da likitoci mata za su fito idan kowa ya cire 'yarsa daga makaranta. Malamin Islamiyyarmu ma ya sa baki, shi ke nan aka bar ni na ci gaba.

Kuɗin rajistar jarrabawa kuwa daga ƙosan Inna suka fito. Tana da wani gwangwanin madara da ta huda murfinsa, kullum idan ta tashi daga kasko sai ta jefa abin da ya samu, kuma ba ta taɓa buɗe shi don cefane ba ko da gidan ya yi ƙunci. Ranar da muka juye shi a kan tabarma muna ƙirga silalla masu maiƙo, na ƙudurta cewa ba zan shiga ɗakin jarrabawa da wasa ba. Karatuna duk bayan sallar asuba nake yi, kafin in ɗora ruwan wanka in shirya ƙannena. Furobatuwar, jarrabawar ajin da ke gab da na ƙarshe, ita ce ta fi ba ni tsoro, domin duk iya ƙoƙarin mutum, idan bai haye ta ba babu shi babu ajin ƙarshe, kuma na ga masu ƙwazo da yawa da suka tsaya a nan. Alhamdulillahi na haye ta, na kuma ci Bakaloriya, yanzu ina shirin jarrabawar shiga tsangayar likitanci ta Garwa. Ina neman addu'arku.

Baƙon Mora

Allah ya ba da sa'a, 'yar uwa. Labarina ya bambanta da naku, domin na girmi 'yan ajinmu nesa ba kusa ba. A Amcide aka haife ni, a bakin iyaka daura da Banki, inda mahaifinmu yake da shago. Da hare-haren Boko Haram suka tsananta a 2014 muka baro garin da kayan jikinmu kawai, takardar haihuwata ta ɓace tare da sauran kayan gida. A Mora na koma firamare bayan dogon zama, a aji mai cunkoso saboda yawan yaran da suka yi gudun hijira, amma da lokacin jarrabawar kammala firamare ya zo aka ce ba za a yi mini rajista ba sai da takardar haihuwa.

A nan ne na san cewa wanda ba shi da wannan takarda sai ya bi ta kotu, ya kawo shaidu, alƙali ya yanke hukunci, sannan a kai hukuncin ofishin magajin gari a rubuta masa sabuwa. Kawuna ne ya yi ta wannan zirga-zirga, yana barin sana'arsa, har Allah ya yi. Don haka idan aka tambaye ni nasarata, sai in ce ita ce zama a benci ɗaya da sa'annin ƙannena ba tare da na bar kunya ta kore ni ba. Bana na ci Furobatuwar a ɓangaren A4 na Larabci, saura mataki ɗaya. Ina roƙon duk mai ƙane a firamare ya bincika yau ko yana da takardarsa, kada a jira sai an fara karɓar rajista, domin yara da yawa a yankinmu a nan karatunsu yake yankewa.

Yayanku na Dang, Gaundare

Ƙannena, kun tuna mini da 2020. A watan Maris aka rufe makarantu saboda korona, muka koma bin darasi ta rediyo da talabijin na CRTV, wanda kuma ba kowane gida ne yake da wutar kallo ba. Ranar 1 ga Yuni aka dawo da masu jarrabawa kaɗai, da takunkumi a fuska, aka kuma ɗaga jarrabawar har cikin damina. Abin da ya fi amfanata daga lise, yanzu da nake jami'a, shi ne ƙungiyar Turanci da na shiga, inda muke gabatar da muhawara a makon harsuna biyu, wato Faransanci da Turanci, kafin bikin matasa na 11 ga Fabrairu. Can na koyi tsayawa gaban jama'a in yi magana ba tare da muryata ta yi rawa ba. Ƙanwata ta Domayo, ki nemi tsofaffin tambayoyin jarrabawar shiga tun yanzu, domin salonsu ya bambanta da na Bakaloriya kuma gurabe kaɗan ne.

Mai Lantarki, Yagwa

Ina gaida kowa, musamman Yaya na Dang. Ina so in saka muryar waɗanda ba su bi ta lise na gama-gari ba, domin sau da yawa idan ana lissafa masu nasara ana tsallake mu. Makarantar fasaha na yi, na samu CAP, wato takardar shaidar ƙwarewar sana'a, a aikin lantarki, na ci gaba har ajin ƙarshe. Shekarar karatunmu ta fara da ambaliyar 2024, wadda ta karya gada a cikin garin Yagwa, ta raba unguwanni, mutane suka koma tsallakawa da kwalekwale. Gidanmu na ƙasa ya zube, littattafaina suka jiƙe suka manne da juna, na yi ta shanya su a rana ina ɓamɓare shafi bayan shafi. Ban ci Bakaloriya a bana ba, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Duk da haka, da abin da na koya a ɗakin gwaji na makaranta nake haɗa wa mutane faifan wutar rana da batura, da kuɗin ne muka tayar da ɗakin Inna da bulon siminti. Na yanke shawarar sake zama jarrabawar baɗi, ina aiki da rana ina bita da dare. Baƙon Mora, tun da ni da kai duk baɗi za mu shiga, ina ganin mu riƙa tura wa juna tambayoyin Faransanci ta WhatsApp daga watan Satumba, idan kana da hali.

Baƙon Mora

Na amince, ɗan uwa, Allah ya kai mu. Ina da tarin tambayoyin shekarun baya da wani malaminmu ya ba mu, zan ɗauki hotonsu in fara turo maka a ƙarshen makon nan.