Biyan Kuɗi a Yi Sharhin Hajarka: Inda Aka Tsaya

Ga abin da na tattaro daga bakin 'yan'uwa kan biyan mai sharhi ya yi sharhin kayanka a intanet:

1. Kusan kowa ya yarda: mai sharhi mai 'yan tsirarun mabiya masu sayen irin kayanka ya fi mai dubban 'yan kallo.

2. Dole ya faɗa cewa biyansa aka yi. Google ma ya fito da alama ta musamman tun 2019 don mahaɗin shafi (link) da aka biya kuɗi aka sa. In aka ɓoye, shafinka na iya nutsewa a binciken Google.

3. An rabu kan gindaya sharaɗin yabo. Wasu sun ce ai kuɗinka ne. Mafi yawa sun ce sharhin da babu aibi ko ɗaya, mai karatu yakan gane talla ce. Nan na karkata.

4. Kowane mai sharhi a ba shi lambar rangwamensa, a ga wa ya kawo ciniki.