Shin wajibi ne in bayyana ciwona kafin a ba ni hutu?

Mai tambaya, daga Sabon Gari:
Assalamu alaikum. Ina aiki a wani kamfani a nan Zariya, kuma ina buƙatar kwana 3 domin ganin likita a Shika, amma shugaban sashenmu ya nace sai na faɗa masa ciwon da ke damuna, ni kuwa ina jin nauyin hakan.

Wani dattijo, daga Tudun Wada:
Wa'alaikumus salam, 'yata, Allah ya ba ki lafiya. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara tare da albashi, muddin likita mai rajista ya ba da shaida. A ganina, takardar likita ta wadatar, musamman da yake dokar kare bayanai ta 2023 ta sanya bayanin lafiya cikin abubuwan da ba a yaɗawa barkatai.

Wata malama, daga Samaru:
Baba ya yi gaskiya. Sai dai ki nemi izinin a rubuce da wuri, ki ambaci ranar dawowa da wanda zai riƙe aikinki, kuma kada ki ƙirƙiri rasuwa ko biki domin kauce wa tambaya.

Mai tambaya:
Na gode, Baba da Malama. Gobe zan miƙa takardar.