Wace taya zan saka wa Mustang da za ta jure zafin Jidda?

Dan_Jidda: Salam yan uwa. Mustang GT ce dani, tayoyin baya sun sude ko shekara daya da rabi basu yi ba, kullum ina hanyar Makka, wani lokaci in hau hanyar dutsen Al Hada zuwa Ta'if. Ance in sayi all season, wato tayoyin da aka yi don zafi da sanyi duka, wai sun fi dadewa, gaskiya ne ko dai zance ne kawai?

Malam_Sani: Wa alaikassalam. Sun fi dadewa kam, duba lambar treadwear a jikin tayar, ita ke nuna dadewar taya kafin ta sude, Michelin Pilot Sport 4S 300 ce, ita kuwa Pilot Sport All Season 4 tana da 540. Amma fa an yi su ne saboda kasashen da ake sanyi da kankara irin Amurka, mu nan kwalta ce ke tafasa, a kwanonin Al Hada tayar bazara irin 4S din tafi kama kasa.

Abu_Khadija: Dan uwa kafin komai duba shekarar da aka yi ta, lamba hudu na karshen lambar DOT da ke jikin tayar, 1524 na nufin sati na 15 a 2024. Wani shago ya taba lika min wadda ta dade a sito, wata shida gefen duk ya tsattsage. Kuma makin jure zafi, wato Temperature, ya zama A.

Dan_Jidda: Nagode, mai harafin gudu V ta isa?

Malam_Sani: V iyakarta kilomita 240 a awa ne, bi abin da littafin motar ya rubuta. Iska kuma da sassafe ake aunawa kafin taya tayi zafi. Sannan ka rage taka mai a danja malam, shi ke cinye maka na baya.