An ce za a cire mini mahaifa, ni kuma na rasa abin da zan ci

Maman Zahra Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 56, al'ada ta ɗauke mini tun tuni, sai bara na fara ganin jini jefi-jefi. Aka yi hoto, aka ɗebi ɗan nama aka kai gwaji, sakamako ya nuna kansa ce ta cikin mahaifa. Likita a asibitin Malam Aminu Kano ya ce da alama ba ta yi nisa ba, za a cire mahaifar gaba ɗaya har da ma'ajiyar ƙwai, an ba ni rana nan da sati uku. Ina da ciwon suga, ina kan magani. Tun da aka faɗa mini na bar nama da shinkafa da tuwo, don an ce su ke ciyar da ciwon, yanzu har zani zamewa yake a ƙuguna. Yayar maigidana kuma ta kafe sai na ɗaga aikin wata uku na sha wani haɗi tukuna, wai daji ba ya son ƙarfe. In ɗaga ko in bari a yi? Ku da aka yi wa, me kuka ci kafin aikin da bayansa?

Ummu Haidar: Allah ya ba ki lafiya Hajiya, ya sa kaffara ne. Ki riƙe zuma da habbatus sauda safe da yamma, ki yawaita dabino da man zaitun. Maƙwabciyarmu da su ta rabu da ƙari a ciki.

Hajjo Kurna: Ummu Haidar, mace ta ce miki tana da suga, kin haɗa ta da zuma da dabino? A dinga karantawa har ƙarshe mana.

Mom Twins: Shi ya sa kullum nake cewa a kai yara mata allurar rigakafin nan da aka fara a 2023, 'yan shekara 9 zuwa 14, kyauta ce amma mutanenmu sai gudu.

Anti Nas: Mom Twins, waccan allurar ta kansar bakin mahaifa ce. Ta Hajiya ta cikin mahaifar ce, an fi ganinta bayan ɗaukewar al'ada, musamman ga masu jiki da masu suga, kuma idan aka kama ta da wuri aikin kaɗai yakan wadatar wa mata da yawa. Hajiya, don Allah ki koma cin abinci yau ɗin nan. Yunwa ba ta kashe kansa, ke za ta rage wa ƙarfi da jini, kuma jikin da ba ya samun abinci ɗinkinsa ba ya saurin kamawa. Ki ci wake, ƙwai, kifi, kaza, hanta kaɗan-kaɗan, alayyahu, zogale. Tuwo da shinkafa ki rage yawa kawai, yadda aka koya miki a asibitin masu suga. Abin da ya fi damuna sugan ne, in ya hau yana jawo ɗinkin ya yi ruwa. Duk wani jiƙo ko gari da kike sha ki faɗa wa mai allurar barci, wasu suna tsinka jini. Batun ɗagawa kuwa, wata ukun nan ciwon ba zai zauna ya jira ki ba.

Bintun Baffa: Ni ku bar ni in yi magana, don abin yana cina. Mahaifiyarmu irin wannan ciwon ne ya tafi da ita. Ba ma ɗagawa aka yi ba, gaggawa aka yi. Wani asibitin kuɗi muka je saboda an ce layi ya yi yawa a na gwamnati. Aka yi aiki, aka fito mana da mahaifar a cikin wata farar roba mai murfi, cike da wani ruwa mai yaji a ido, aka miƙa wa yayanmu a baranda, aka ce "ga shi nan." Babu wanda ya zaunar da mu ya ce wannan naman shi ne zai nuna iya inda ciwon ya kai. Kawunmu ya ce sashen jikin Musulma ne, ba za a yi ta yawo da shi ba, da la'asar aka je aka binne. Inna ta warke tas, har bikin autarmu ta yi rawa. Bayan shekara da wani abu jini ya dawo, ga ciwon baya ba barci. Muka je babban asibiti, tambayar farko da likita ya yi ita ce ina sakamakon naman. Muka kalli juna. Aka tura mu wani gari a yi mata gashin kansa da inji, muka sayar da filinta na Rijiyar Zaki, muka isa aka ce injin ya lalace, a dawo. Haka muka yi ta zarya har ta daina iya zama a mota. Kawun nan ranar sadakar uku shi ne a gaba yana raba wa mutane goro. Har yau ban iya gaishe shi da zuciya ɗaya.

Hajjo Kurna: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

Ummu Haidar: Kun gani ko? Wuƙa ta taɓa shi ya bazu. Abin da yayar mijin Hajiya take gudu ke nan.

Bintun Baffa: Kar ki juya mini magana, baiwar Allah. Ba wuƙa ce ta kashe Inna ba. Da an gwada naman da an san tana buƙatar gashi tun tana da ƙarfinta. Hajiya, ki sa ɗanki mai ido ya bi robar nan da ƙafarsa har ɗakin gwaji, ya karɓi rasit, ya koma ya karɓo sakamako. Ko wa ya ce a binne, a ce masa a'a.

Maman Zahra Gwammaja: Allah ya gafarta mata, 'yata. Na ji wannan. To aikin kansa nawa zan tanada? Maigida ɗan fansho ne.

Maman Abba Hotoro: Ni an cire mini a 2021, komai da komai bai kai naira dubu 250 ba.

Zee Kabuga: Hajiya, 2021 ai wata duniyar ce, tun ba a cire tallafin mai ba. Yayata bana ta biya sama da miliyan 1 a asibitin kuɗi, ban da jini.

Maman Abba Hotoro: Ai kin ce na kuɗi. Ita na gwamnati za ta.

Zee Kabuga: Na gwamnatin ma takarda za a yi ta miƙo miki, sayo wannan, sayo wancan. Mu har Dangwauro muka je neman wata allura, tun da aka tashi 'yan magani daga Sabon Gari. Ki riƙe dubu 600 a hannu ki ga ko za ta yi saura.

Malama Rabi: Ni da katin KSCHMA, wato inshorar lafiya ta jihar Kano, aka rage mini wani abu, amma ba duka ba. Tun da maigidan tsohon ma'aikaci ne a je a tambaya kafin ranar, kar a bari sai an kwanta.

Maman Abba Hotoro: Bari in ba ki abin da kika tambaya, tun da ni na hau gadon. Daren aiki za a ce kar ki ci komai, ki bi. Kin farka za ki ga robar fitsari da ƙarin ruwa, kar ki tsorata. Washegari za su tashe ki ki taka, ji za ki yi kamar cikin zai zube ƙasa, amma ki daure, tafiyar ce ke hana jini daskarewa a ƙafa. Na fara da ruwa, sai shayi, sai kunu mara tsami, sai farfesun kifi. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne bayan gida. Maganin ciwo yana ɗaure ciki, ga masai na tsuguno, na ci kuka. Ki nemi kujerar nan mai rami tun yanzu, ki dage da ruwa da gwanda da miyar kuɓewa. In za ki yi tari ko za ki shiga adaidaita, ki danne wurin da filo. Sati shida ba ɗaukar bokiti, ba daka, ba goyon jika. Sallah a zaune na yi ta har na ji ƙarfi.

Hajjo Kurna: Kin manta babbar. Ni da aka yi mini aikin haihuwa, nas ta ce ba abinci sai na yi tusa. Ɗaki guda muka zauna muna jira, da ta fito har guɗa surukata ta yi.

Zee Kabuga: Hajjo, Allah ya shirye ki, ana maganar rai kina ba mu dariya.

Ummu Haidar: Amma dai ƙwai da kifi bayan aiki kam a'a. Tun kakanninmu an san suna sa ciwo ruwa. A ba ta kunun kanwa, a gasa mata jiki da ruwan zafi.

Anti Nas: Ba jego za ta yi ba. Ruwan zafi kar ya kusanci ɗinkin, kanwa kuma ba ta da amfani a nan. Ƙwai da kifi su ne ma masu gina naman.

Ummu Haidar: Ku dai in kun sa farin kaya shi ke nan kowa jahili ne. Nas ce ke ba likita ba.

Maman Abba Hotoro: Ni ba nas ba ce ba likita ba, amma ni aka yanka, kuma ƙwai biyu nake ci kullum. Ke wane aiki aka taɓa yi miki?

Baban Ilham: Salamu alaikum iyaye, ku yi haƙuri na shigo zancen mata. Matata aka yi wa. Ku fara neman masu ba da jini tun yanzu, mu leda biyu aka ce mu ajiye kafin a shiga da ita.

Bintun Baffa: Yauwa Malam, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ranar dubiya dangi mota-mota, kowa da ledar lemo daga 'Yan Lemo, su cika ɗaki su cinye farfesun mara lafiya. Ka ce a zo a ba da jini, wannan ya ce yana shawara, wancan ya ce bai karya ba, wani wayarsa a kashe.

Zee Kabuga: Ƙannen mijin yayata su bakwai ne, duk ƙarti. Ɗan adaidaitan da ke kai yaranta makaranta shi ya ba da leda ɗaya, ɗayar saya muka yi a hannun masu tsayawa a bakin ƙofa.

Malama Rabi: Nawa suka karɓa? Mu dubu 15 muka ba wani.

Zee Kabuga: Dubu 15 a ina? Irin jininta mai wuyar samu ne, sai da muka ba da 40, kuma yaron da aka kawo da farko aka gwada aka ce shi kansa jinin bai ishe shi ba.

Baban Ilham: Ni a masallacin unguwa na sa liman ya yi sanarwa bayan magariba, samari huɗu suka biyo ni. 'Yan uwana na jini kuwa sai bayan an sallamo mu suka zo tambayar ko za ta ƙara haihuwa.

Hajjo Kurna: To Malam me ka ce musu? Don mu san irin gaisuwar da za mu yi maka.