Musayar Baitoci Kan Farfesa Attahiru Jega

Mai Alƙalami:
Jama'a, da an ce Jega sai kowa ya ce INEC, hukumar zaɓen da ya shugabanta, ya tsaya nan. Ni malamin kimiyyar siyasa na Jami'ar Bayero nake so mu taɓa, wanda ya gama digirinsa na uku a Jami'ar Northwestern ta Amurka a 1985. Amsa-amonmu "ri", kowa ya riƙe.

Bismillah na ɗau alƙalami,
Zan zance kan wani malami,
Ɗan Jega mai zurfin ilimi,
Siyasa ce fagensa na nazari.

A Bayero ya yi digirinsa,
Amurka ta ƙara saninsa,
Ya dawo gida da kundinsa,
A kan manoman Bakolori.

Ku kun san shi wurin ƙirgawa,
Ƙuri'un ƙasa yana tarawa,
Ni na fi son shi wurin koyarwa,
Da alli da allo da daftari.

Ɗan Mafara:
Malam, ka taɓo mu. Madatsar ruwan Bakolori tana kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, kamfanin Impresit na Italiya ya gina ta. Ni da ƙwar biyu zan bi ka.

An tare gulbi, ruwa ya ci gona,
Fadama ta nutse, ta tafi da gari.

Aka ce diyya tana nan tafe,
Manomi ya gaji da jinkiri.

Suka tare hanya, suka hana aiki,
A zamanin mulkin Shagari.

Afrilun 1980 'yan sanda suka zo,
Bindiga ta yi magana a sarari.

Gawa nawa? Gwamnati ta faɗi nata,
Mutan gari na da nasu labari.

Wanda ya ɗauki kukan manomi,
Ya kai shi jami'a, ya yi ƙoƙari.

Ɗalibar Samaru:
Yaya, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma gaskiya ɗaya ce.

Kundi na kwance a kan kanta,
Da Turanci aka rubuta,
Manomi nawa suka karanta?
Ƙura ce ta yi masa tsari.

Ni gadonsa da nake gani da idona shi ne shugabancin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, daga 1988 zuwa 1994.

Babangida ya soke ƙungiya,
Malamai suka ƙi sunkuya,
A 1992 aka yi yarjejeniya,
Kamfanoni su ba ilimi jari.

Harajin nan ya zama TETFund,
Ɗakin laccarmu da kuɗinsa aka gina,
Sunan asusun na nan a jikin bango,
Ku zo Samaru ku ga tambari.

Tsohon Malami:
'Yata, baitinki na ƙarshe ya saki amsa-amon ciki, amma na bar miki saboda sunan asusun ba ya tanƙwaruwa. Sai dai kin raina rubutu. Akwai littafin da ya tace, wanda cibiyar nazarin Afirka ta Uppsala a Suwidin ta buga a 2000, kan yadda SAP, tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, ya sauya siyasar ƙabila da addini a Najeriya.

SAP ta zo, naira ta faɗi,
Albashi ya kasa sayen burodi,
Gwamnati ta janye hannu daga hidindimu,
Asibiti ya koma sai mai jari.

Wanda gwamnati ta yasar,
Ƙungiyar garinsu ta tsince shi,
Ko masallaci ko coci ya rufa masa,
Can ya kai biyayya da marmari.

Ɗan siyasa ya hango kasuwa,
Ya ce ku zaɓe ni, ni ɗan'uwa,
Kuna cewa ƙiyayya gado ce daga kakanni,
Littafin ya ce ku duba tsari.

Bayan haka ya riƙe Gidan Mambayya, gidan Malam Aminu Kano da ke Gwammaja wanda Bayero ta mayar cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, sannan ya shugabanci jami'ar daga 2005 zuwa 2010.

Baƙon Zare:
Baba, kun yi ta yabo, bari in ɗan ɗaga murfi.

Ranar 2 ga Afrilun 2011,
An fara zaɓe aka ce a bari.

Takardun sakamako ba su iso ba,
Ina ilimin, ina shiri?

Bayan na shugaban ƙasa Arewa ta kama wuta,
Ɗaruruwa suka tafi kabari.

A 2015 na'urar tantancewa,
Ta ƙi yatsan Jonathan tun da fari.

Ɗalibar Samaru:
Baƙo, ka tsaya a tsakiyar labari.

Na'urar nan da ka raina,
Ta rage ƙuri'ar 'yan boge,
Orubebe wakilin PDP ya tashi yana ihu a zauren tara sakamako,
Farfesa ko gezau, bai yi sauri.

Ya bar shi ya gama ya zauna,
Ya ci gaba da karɓar jihohi,
Kafin a gama Jonathan ya ɗau waya,
Ya taya murna ga Buhari.

Jinin 2011 kuwa, ka kawo baitin da ya nuna hannunsa a ciki, ina nan ina jira.