Ina son in yi tseren Dutsen Kamaru, amma a Maradi ina zan samu dutsen koyo?

Tela ɗan Bagalam:

Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya san harkar gudun nisa shi taimake ni da shawara, abin nan ya daɗe shina cin raina. Ni tela ne, shekarata 28, shekara ukku ke nan ina futin bayan sallar asuba kahin in buɗe shago, na hwara da kilomita 5 ina haki kamar raina zai hita, yanzu Alhamdulillahi ina yin 21 ban tsaya ba.

To kwanaki wani abokina mai kai kaya Kamaru ya turo min bidiyo ta WhatsApp na tseren da ake yi a garin Buea cikin watan Fabrairu, mutane su tashi daga cikin gari su hau dutsen nan da ya hi mita 4000 su kai ƙololuwa su sabko, wajen kilomita 38 zuwa da komowa. Har da wata mata Sarah Etonge da ta ci shi sau 7, kuma uwar ɗiya ce. Wallahi tun ranar ko ina bisa keke ina ɗinki dutsen nan nike gani.

Sai na ce bari in gwada kaina. Cikin Afrilu na ɗauki hanyar Jiratawa da niyyar in yi 35, na hita biyar da rabi da piya wata biyu cikin aljihu ba wani abin ci. Har 24 lahiya lau. Da rana ta ɗaga sai ƙahwahu sunka hwara ɗaurewa, wayata na nuna 31 na zauna gindin wata bedi na yi amai, na kasa tashi, wani bawan Allah mai amalanken jaki ya ɗauko ni har bakin gari, Allah shi saka mai. Da dare hitsarina ya hito baƙi-baƙi kamar shayin da ya daɗe bisa wuta, kwana biyu kahin ya washe.

Tambayata, mi na yi ba daidai ba? Kuma mutumin da ke zaune gari shimhiɗaɗɗe irin namu yaya zai koyi hawan dutse? Fabrairu mai zuwa nike so in je in Allah ya yarda.

Tsohon soja, Ali Ɗan Sofo:

Wa alaikumus salam ɗana. Na ji daɗin saƙonka ƙwarai don ba kasahwai nike ganin yaro mai irin wanga buri ba. Amma Fabrairu mai zuwa cire ta daga ranka, ka sa ta bayanta. Ba a hwahe gora ranar tahiya.

Na yi shekaru Agadas lokacin ina aiki, kuma na hau Bagzan ba sau ɗaya ba da kaya bisa baya. Can ne wuri mahi tsawo a ƙasarmu, mita 2022, ka ga ke nan rabin dutsen da kake hange. Abin da na koya can shi ne, hawa hwaɗa ne da numhwashi, in ka gaji ka rage sauri ka taka da ƙahwa ya wuce, ko gwanayen duniya takawa suke in tudu ya miƙe ba abin kunya ba ne. Sabkowa ita ke kashe mutum. Kowane taki naman cinyarka na gaba shi ke taka birki, shina miƙewa shina riƙe nauyinka lokaci guda, to in bai saba ba bayan awa guda sai ka ji cinyar ta zama kamar ta wani, ka sa ƙahwa ta ƙi tsayawa. Na ga ƙarhwahwan samari da sunka riga kowa kaiwa sama, wajen sabka sai da anka riƙo su. Kwana ukku bayan nan ko durƙuson salla da ƙyar.

Kuma kar ka ce Maradi ba tudu. Ka manta tsohon gari cikin hwadama yake, ambaliyar 1945 ta sa anka maido mutane nan bisa tudu? To gangaren nan da ke sabka wajen gulbi shi ne makarantarka. Gajere ne, na sani, sai ka maimaita. Ka hau da ƙarhi ka sabko da gudu, kar ka sabko kana takawa kana hutawa yadda yara ke yi, sabkar ita ce darasin. Hwara da sau 6, duk sati ƙara biyu, sati na huɗu ka rage ka bar jiki shi huta. Rana guda cikin sati ka nemi matakala, ta hilin kokowa in an bar ka ko ta wani bene, minti 30 hawa da sabka, in ka saba ka goya jaka da bidon ɗin ruwa lita biyar ciki. Da rani kuma in gulbi ya ƙahe ka shiga cikin rairayin ka yi gudu, kilomita 8 cikin yashi sun hi 12 bisa kwalta wahala, kuma suna gina idon sawu.

Batun nisa, kuskurenka ka yi tsalle daga 21 zuwa 35 rana guda, cikin Afrilu kuma. Ana ƙarawa kaɗan-kaɗan ne, misalin kashi ɗaya cikin goma a sati. In ka kai 28 ba wahala sai ka koma yin kwana biyu jere, Asabar awa ukku Lahadi awa biyu da ƙahwahun da ba su warke ba, wannan shi ke koya ma jiki abin da zai tarar ƙarshen tsere. In ka samu hali bayan wata shida ka hau mota ka je Damagaram ka yi kwana ukku cikin duwatsun nan nasu, don ƙahwarka ta san taka dutse daban yake da taka ƙasa.

Abu guda ne ba ka iya koyo nan, iskan sama. Mita 4000 numhwashi ba ya ƙosarwa kuma sanyi ake na gaske, kai da ka taho daga zahin Maradi. Sai dai ka isa da kwanaki kahin tseren ka hau rabi ka ji yadda kanka zai yi.

Majo mai aikin dare:

Baba soja ya gama magana a kan horo, ni kuma wajen hitsarin nan na tsaya don shi ya tada min hankali. Ƙanena wannan ba ƙishirwa kaɗai ba ce. In naman jiki ya wahala hiye da ƙima cikin zahi, yakan farfashe ya zuba wani abu cikin jini, ƙoda ce ke tace shi, shi ne ka ga launin shayi. Mutane na rasa ƙoda ta haka. Allah ya kiyaye ka, amma don Allah kahin ka sake dogon gudu ka je likita a auna maka ƙoda da tansiyo a duba zuciya, kuma in ya sake faruwa ranar nan za ka je, ba jira.

Piya wata biyu lita guda ke nan, a gudun sama da awa ukku cikin watan da zahi ke wuce digiri 40. Mai gudu cikin irin wannan rana zai iya zubar da lita guda ta zuhwa cikin awa ɗaya tak. Kuma zuhwa da gishiri take hita, shi ya sa kake ganin hwari-hwari a rigarka in ta bushe. In ka yi ta ɗura ruwa zalla ba gishiri shi ma wata matsala ce, kai ya yi ciwo, mutum ya ruɗe, har suma. Haɗin da muke ba yara masu zawo shi za ka yi, ruwa lita guda, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali, ko ka sayi na leda a farmasi. Ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Ka auna nauyinka kahin ka hita da bayan ka komo, duk kilo guda da ya ragu kusan lita guda ce ka rasa, da haka za ka san naka jikin.

Ci kuma dole ne. Abin da jiki ke ajewa na sukari bai wuce na awa ɗaya da rabi zuwa biyu ba in ana gudu, shi ya sa ka ji lahiya har 24 sannan komi ya tsaya. Dabino biyu ko ukku duk rabin awa, tun daga awa ta farko kar ka jira yunwa. In zaƙi ya gundure ka ɗan ƙuli-ƙuli ko dahwahhen dankali da gishiri. Hura ka bari sai ka komo.

Sannan ina roƙonka da girman Allah, duk wanda ya ce ka sha tramol don kar ka ji gajiya ka rabu da shi. Ina ganin abin da yake ma samarinmu da idona, farfaɗiya a kawo su cikin dare. Haka su ibuprofen da diclofenac na 'yan tebur, shansu lokacin dogon gudu cikin ƙishirwa ƙoda suke ci. Da azumi kuma ba dogon gudu da rana, ka yi gajere bayan tarawi.

Ɗalibi a Maroko:

Yaya tela ni da wata shawara na zo, Baba soja ka yi min haƙuri ba musu nake ba. Me ya sa sai dutse? Abin da Allah ya ba mu a banza shi Turawa ke kashe kuɗi suna nema, wasunsu har ɗakin zafi suke shiga su yi atisaye don su saba da rana. Nan Maroko akwai Marathon des Sables da wani Bafaranshe Patrick Bauer ya fara a 1986, wajen kilomita 250 cikin sahara a kusan mako guda, kowa na goye da abincinsa da abin kwanciyarsa, ruwa da tanti kaɗai ake ba ka, ruwan kuma da awo, jakar ba ta kasa kilo 6.5 ba ta wuce 15. Kuma ’yan ƙasar ne suka fi cinye shi, Lahcen Ahansal ɗan Zagora sau 10 ya ci, mutumin da ya tashi cikin makiyaya a rairayi irin namu. Matsalar kuɗin shiga ne, ya kai miliyan biyu na sefa ko fiye, sai da mai ɗaukar nauyi.

Na Turai kuwa babbansu UTMB ne a Chamonix ta Faransa, tun 2003, wajen kilomita 170 ana zagaya dutsen Mont Blanc ta Italiya da Suwizalan, hawan da ke ciki in an tara ya kai mita 10,000. Kilian Jornet ya yi shi ƙasa da awa 20 a 2022, sauran jama'a kuwa har awa 46 da rabi aka ba su, dare biyu ba barci. Amma ba a shiga haka kawai, sai ka gama wasu tseren nasu ka tara maki a yi ƙuri'a, ga biza. Na Kamarun ka ya fi kusa da hannu nesa ba kusa ba, wannan na yarda.

Abin da ya sa ma na yi rubutun, masu tseren sahara suna sa wata riga ta takalmi, yadi mara nauyi da ke rufe takalmin duka har idon sawu, ana ɗinke abin mannawa kewaye da takalmin don yashi kar ya shiga ya yi maka bororo. Kai tela ne, in na turo maka hoto rana guda za ka ɗinka, kuma ƙarangiya ma ba ta samun safarka.

Mai kabu-kabu, unguwar Zariya ta Maradi:

tela kai ne ke wuce mu da asuba da jar riga? Allah shi ƙara ƙarhi. ni dai takalmi zan ce, in ka je wajen 'yan bosho ka juya ƙasan ka duba haƙoran ba su cinye ba, kuma ka ɗauki wanda ya hi ƙahwarka da lamba guda don ƙahwa na kumbura, in ba haka ba wajen gangare farce zai yi baƙi ya hita. kuma don Allah kar ka yi kudu can bayan Madarumhwa kai kaɗai da duhu, ka san halin da ake ciki wajen iyaka. cikin gonaki ma ka riƙe tocila saboda kububuwa

Tela ɗan Bagalam:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah shi bar zumunci. Majo wallahi jikina ya yi sanyi da na karanta, ban ɗauki abin haka ba, ko mai ɗakina ban hwaɗa ma ba don kar ta hana ni hita. Jibi Litinin zan je a auna ni. Tramol ban taɓa sha ba amma ranar nan na sha na ciwon jiki guda biyu kahin in hita, yanzu na gane.

Baba na ji maganarka, da zahi a raina amma na ɗaga sai Fabrairun gaba, kuma hakan zai ba ni damar tara kuɗin mota daga ɗinkin salla biyu. Ƙanena na Maroko turo hoton, ina da ragowar yadin lema cikin shago. Mai kabu-kabu e ni ne mai jar riga, in dogon gudu ya tashi ko za ka riƙa biyo ni da bidon in biya ka kuɗin mai?

Baba tambaya guda ta rage, sandunan nan biyu da nike gani hannun masu hawa, dole ne sai da su?

Tsohon soja, Ali Ɗan Sofo:

Ba dole ba ne ɗana, suna rage ma cinya aiki wajen hawa amma wani tseren ma ba a yarda da su, sai ka tambayi dokar na Buea kahin ka saye. Yanzu dai koyi dahwa hannu bisa gwiwa kana turawa, shi muke yi Bagzan. In sakamakon likita ya hito lahiya ka rubuto nan, Asabar ta sama in iske ka bakin gangaren bayan an sallame asuba. Ni gwiwa ba ta bari in yi gudu yanzu, amma zan tsaya ƙasa da agogo in ƙirga maka, in ga yadda kake aje ƙahwa wajen sabka. Ka zo da dabinonka da ruwan gishirin da majo ya ce.