Neman shawara: sassaƙen maɗaci zai iya maye gurbin maganin tsutsa ga awaki?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Awaki 24 gare ni. Tun da damina ta kankama suke ramewa, ga kuma ciyawa ko'ina. Uku haɓarsu ta kumbura, cikin idonsu ya yi fari. An ce masana a jami'a sun gwada sassaƙen maɗaci sun ga yana kashe tsutsar ciki. In gaskiya ne, nawa zan jiƙa, kuma kofi nawa zan ɗura wa kowace? Maganin kanti ya yi tsada.

Likitan dabbobi:
Wa alaikumus salam. Malam, ukun nan kada ka yi gwaji da su. Kumburin haɓa da farin ido alamar jini ya yi ƙasa sosai ne, kuma a damina mai laifin yawanci tsutsar Haemonchus ce, wadda ke maƙalewa a ɗaki na huɗu na cikin dabba tana tsotsar jini. Macenta na zuba ƙwai dubu biyar zuwa dubu goma a rana. Balku na hanta ma na kawo irin wannan kumburi, musamman ga masu kiwo a fadama.

Ka ba su maganin tsutsa albendazole yau, miligiram 10 ga kowane kilo na nauyi. Akuya mai kilo 25 ke nan miligiram 250. Jikin akuya na saurin narkar da magani fiye da na tunkiya, shi ya sa awon tunkiya ba ya isarta. Ban da wadda ba ta wuce wata ɗaya da rabi da barbara ba, don yana iya lahanta ɗan tayi. Ita sai likita ya zaɓa mata wani.

Malamin harhaɗa magunguna:
Binciken gaskiya ne. Ademola da abokan aikinsa na Jami'ar Ibadan sun wallafa shi a 2004. Amma a duba abin da suka yi. Ba jiƙo suka bayar ba. Sun tatso sinadarin sassaƙen da etanol (ruwan sinadarin barasa), suka ƙafar da ruwan, suka auna abin da ya rage, sannan suka ɗura wa tumaki gwargwadon nauyinsu. A awo mafi girma, miligiram 500 ga kowane kilo, ƙwan tsutsa a kashin tumakin ya ragu da kusan kaso 89 cikin 100.

Yanzu ka lissafa: dabba mai kilo 25 na buƙatar giram 12.5 na tataccen sinadarin, ba na sassaƙen ba, kuma abin da ake samu daga sassaƙe ɗan kaɗan ne. Ruwa ma ba ya fitar da duk abin da etanol ke fitarwa. Ƙarfin itacen kuma na sauyawa da shekarunsa, da ƙasar da ya tsiro, da lokacin da aka sassaƙe shi. Saboda haka duk wanda ya ce maka kofi kaza ne, kintace ya yi.

Sannan 89 ɗin ma bai kai ba. Maganin tsutsa sai ya rage ƙwai da kaso 95 ake cewa yana aiki yadda ya kamata. Ba kowane ɗaci ne kuma ke kashe tsutsa ba. A gwajin da Alawa da abokansa na cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika suka wallafa a 2003, gwandar daji ta rage ƙyanƙyasar ƙwan, shuwaka kuwa duk ɗacinta ba ta taɓuka abin kirki ba. Wannan kuwa a ɗakin gwaji aka yi shi, ba a cikin dabba ba.

Ma'aikacin ɗakin gwaji:
In dai kana son sanin ko jiƙon na aiki, ga hanya. Cikin masu ƙarfi ka ware goma, ka ɗebi sabon kashin kowace kamar cokali ɗaya a leda daban, ka matse iska, ka rubuta lamba. A sa a sanyi, ba wajen ƙanƙara ba, a kai asibitin dabbobi a ranar. In ya kwana a zafi ƙwan zai ƙyanƙyashe, lissafi ya ɓaci. Bayan an ba su jiƙon, a sake ɗiba daga waɗannan awakin a rana ta 14 a kwatanta. Ka bar wasu ba ka ba su komai ba, in ba haka ba ba za ka san maɗacin ne ko sauyin yanayi ba. Haka ake gane albendazole ɗin ma in ya daina ci.

Malamin gona:
Alhaji, rabin aikin a wurin kiwo yake. A damina ƙwai na zama tsutsa mai kamawa cikin mako guda, ta hau ciyawa da raɓa, yawancinta a ƙasa-ƙasa. Ka jira rana ta busar da raɓa kafin ka sake su, ka sauya turke duk kwana huɗu, ka rataya musu ganye sama maimakon zubarwa a ƙasa. Ƙara musu harawa da ƙuli-ƙuli kaɗan, jini zai fi saurin dawowa. Duk mako biyu ka ja fatar ido ta ƙasa: ja lafiya, fari a ba da magani. Mai sassaƙar maɗaci kuma kada ya zagaye gindin, itacen mutuwa zai yi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Ba ni da sikeli, yaya zan san nauyin?

Likitan dabbobi:
Aro na masu awon hatsi. Sa akuyar cikin buhu a rataya, ko ka hau sikelin ƙasa riƙe da ita ka cire naka nauyin. In sai an kintata, a ɗan ɗara ya fi a gaza, don ragin awo ne ke sa tsutsa ta saba da magani.